ƘOFAR DA TA ƘI BUƊUWA: Wahalar Samarin Kwadon Masu Son Saukar Da Baƙin Wasa A Kwamfutar Gida

Daga Wakilinmu na Arewa, a Gombe

Duk wanda ya bar Gombe ya kama hanyar Dadin Kowa da Biu, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a Kwadon, garin da aka fi sani da aikin lambu, inda kwandunan tumatir da attarugu da buhunan albasa ke jere a bakin titi suna jiran motocin fatake. To, amma labarin yau ba na tumatir ba ne. Labari ne na wata ƙofa wadda ido ba ya gani, wadda kuma ta hana waɗansu samarin garin barci, ta cinye musu kuɗin data ba gaira ba dalili.

Galibin matasan da ke wasa a waya, irin su PUBG da Call of Duty da Free Fire, ba su san wannan wahala ba, domin kamfanonin da suka yi wasannin su ne ke da manyan kwamfutocin da kowa ke haɗuwa a cikinsu. Mutum ya danna, ya shiga, shi ke nan. Amma akwai waɗansu 'yan kaɗan, yawanci ɗaliban manyan makarantu da ke dawowa gida hutu da kwamfutar cinya, waɗanda ke son su zama masu masauki da kansu. Watau saurayi ya mai da kwamfutarsa filin wasa, kamar na Minecraft ko Counter-Strike, abokansa na Pantami da Jekadafari da Bolari, har da wanda ke karatu a Kashere, su shigo daga inda suke, ba baƙon ido, ba mai zagi, kuma shi ne sarkin fili.

Ga yadda abin kan kasance. Saurayi ya kafa wasan, ya gwada da wayar ƙanensa a tsakar gida, ya ga komai daidai. Sai ya aika wa abokinsa na cikin Gombe lambar adireshi. Aboki ya yi ta ƙoƙari, wasa ya ce masa lokaci ya ƙure, ba a sami amsa ba. A sake, a sake, har asuba. Kashegari a tafi wurin mai gyaran waya, shi kuma ya ce ai na'urar rarraba intanet ɗin ce ta tsufa, watau rauta, a sayi sabuwa. A sayo sabuwa da kuɗin da aka daɗe ana tarawa, a dawo gida, ƙofa na nan a rufe kamar jiya.

GIDA DA ZAURE

Kafin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa, sai ya tuna da fasalin gidan Bahaushe. Gida yana da ƙofa ɗaya mai kallon titi, da zaure, sa'an nan ɗakuna a ciki. Baƙo ba ya kutsawa, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Haka rauta take. Ita ce zauren gidan. Daga waje, duniya adireshi ɗaya kurum take gani, na gidan baki ɗaya. Daga ciki kuwa rauta ce ke raba wa kowace waya da kwamfuta lambar ɗaki, wadda galibi takan fara da 192.168. Irin waɗannan lambobi na cikin gida an keɓe su tun 1994, kuma ba su da amfani a waje, kamar yadda wanda ke Kano ba zai rubuta wasiƙa ya sa adireshin "ɗakin kudu" kurum ya sa ran za ta isa ba.

Idan ɗan gida ne ya aika saƙo waje, mai tsaron zaure yakan rubuta wanda ya aika, domin in amsa ta dawo ya san ɗakin da zai kai ta. Shi ya sa kallon bidiyo da hira a WhatsApp ba su da matsala, gama daga ciki aka fara magana. Amma idan baƙo ne ya zo haka kawai ba a aika masa ba, mai zaure bai san wurin wa ya zo ba, sai ya sallame shi ba tare da ya ce uffan ba. Abokin da ke son shiga wasa daga Pantami shi ne wannan baƙo.

Maganin abin shi ne abin da masana ke kira miƙa ƙofa. Kowane adireshi yana da ƙofofi masu lamba, daga 0 har zuwa 65,535, kuma kowane irin aiki da ƙofar da ya saba bi. Minecraft na kwamfuta, wanda ake kira Java, yana bin ƙofa ta 25565. Na waya, wanda ake kira Bedrock, yana bin ta 19132. Counter-Strike kuwa 27015. Mai masauki zai shiga shafin rautarsa, ta hanyar rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei, ya bar wa mai zaure sallahu cewa duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza, a kai shi ɗaki kaza.

Faɗar abin da sauƙi, amma a nan ne ƙananan kurakurai ke kama mutane. Akwai hanyoyi biyu na aika saƙo, TCP da UDP. Ta farko kamar wasiƙar rajista ce, sai an sa hannu an karɓa. Ta biyu kamar jifa ce ta kan katanga, ta fi sauri amma ba a jiran shaida. Minecraft na kwamfuta TCP yake so, na waya kuwa UDP, wanda duk ya buɗe ɗaya a madadin ɗaya ya yi aikin banza. Sa'an nan ita kanta kwamfutar tana da nata mai gadi, watau katangar tsaro ta Windows, wadda kan hana baƙo shiga ko da rauta ta rako shi har bakin ɗaki, musamman idan an gaya wa Windows cewa intanet ɗin na wurin taron jama'a ne ba na gida ba. Akwai kuma masu gwada ƙofa a shafukan da ke yin wannan bincike alhali ba su kunna wasan ba. Ƙofar da ba kowa a bayanta dole ta nuna a rufe. Waɗansu kuma sukan gwada adireshin waje suna zaune a cikin gida, alhali ba kowace rauta ce ke yarda mutum ya fita ya dawo ya yi wa kansa sallama ba. Gwaji na gaskiya sai da wayar da ke kan datar wani layi dabam.

WUTAR LANTARKI MA DA NATA HANNUN

Wani abin da ya shafi mutanen wannan yanki musamman shi ne ɗaukewar wuta. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta rauta ta mutu, in ta farfaɗo tana iya sake rabon ɗakuna. Kwamfutar da jiya take lamba 192.168.8.101, yau ta wayi gari a 103, sallahun da aka bari kuwa yana nan yana kai baƙi tsohon ɗaki, wanda wataƙila yanzu wayar Inna ce a ciki. Wannan shi ne asirin wasan da ya yi aiki ran Talata ya ƙi ran Laraba. Maganinsa a ɗaure wa kwamfutar lamba ɗaya a shafin rauta, yadda ko an ɗauke wuta sau goma za ta koma ɗakinta.

Abin ban takaici, ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wadda aka gama tun 1984, ga tashar lantarkinta mai ƙarfin megawat 40, duk a kan hanya ɗaya da Kwadon, amma wannan bai sa mutanen yankin sun huta da janareto ba. A watan Afrilu na 1924 ba a san wuta ba a nan, to, amma a watan Afrilu na 2024 ma, sa'ad da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, jihohin Arewa maso Gabas sun yi makonni a cikin duhu. Mai masaukin wasa ba kamar ɗan wasa ba ne da zai kashe waya ya kwanta. In kwamfutarsa ta mutu, kowa ya faɗo. Shi ya sa wanda ba shi da batir da faifan hasken rana, gara ya sanya wa abokansa lokaci, kamar daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya, maimakon ya yi musu alkawarin dare da rana.

GIDAN DA BA SHI DA ADIRESHI

To, a ce saurayi ya yi dukan waɗannan daidai, ƙofa kuma ta ƙi. Nan ne aka zo ga babbar magana, wadda da an san ta tun farko da ba a yi asarar kuɗin sabuwar rauta ba.

Kusan duk mai intanet a Kwadon ta layin waya yake samu, ko dai katin waya a cikin rauta, ko ƙaramar MiFi ta aljihu, ko kuma ya kunna rabon data daga wayarsa. Kamfanonin waya kuwa, a bisa al'ada, ba sa ba mai irin wannan layi adireshin kansa wanda duniya ke gani. Sukan tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Dattawa za su tuna zamanin da ƙauye guda ke karɓar wasiƙa ta akwatin gidan waya ɗaya, a rubuta "ta hannun Hedimasta". Haka abin yake. Gidan saurayin nan da yake zaton yana bakin titi, ashe ɗaki ne a cikin wani ƙaton gida na kamfani, mai nasa zauren, da nasa mai gadi wanda ba ya karɓar sallahun kowa. Ana kiran wannan tsari CGNAT. Mutum ya buɗe ƙofar ɗakinsa wangamgam, baƙonsa na can waje an tsai da shi a babban zaure.

Gane wannan ba ya ɗaukar minti biyar, ba ya kuma cin ko kwabo. A shiga shafin rauta a duba adireshin da kamfani ya ba ta, a gefen da aka rubuta WAN. Sa'an nan a tambayi ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje. In lambobin biyu sun zo ɗaya, akwai sa rai. In sun sha bamban, musamman in ta rautar ta fara da 10, ko ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, waɗanda aka keɓe wa kamfanoni domin wannan aiki a 2012, to, a haƙura da miƙa ƙofa. Ba rautar da za a saya a kasuwar Gombe, ko ta Kano, da za ta warware shi. Sai dai a lura, wani lokaci mutum ne da kansa ya jona rauta biyu, ɗaya a bayan ɗaya, ya yi wa kansa zaure biyu. Wannan kam yana da magani, a cire ɗaya ko a miƙa ƙofar a dukansu.

Ba mugunta ce ta sa kamfanoni yin haka ba, ƙarancin adireshi ne. Tsarin da aka fi amfani da shi, IPv4, wanda aka tsara a 1981, adireshi 4,294,967,296 kaɗai yake iya bayarwa, mutanen duniya kuwa sun haura miliyan dubu 8 tun 2022. Kuma rabon bai zo daidai ba. Waɗanda suka riga zuwa rijiya sun ɗebi son ransu, har kamfanin motoci na Ford shi kaɗai aka yanka masa adireshi 16,777,216 a Amurka, haka ma kamfanin Apple. A lokacin nan Nijeriya tana fama da wayar tangaraho da ta NITEL, wayar salula ta GSM ba ta iso ba sai 2001. Hukumar da ke raba wa Afirka adireshi, AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishus, sai a 2005 aka amince da ita, kuma ita ce ta sami kaso mafi ƙanƙanta a cikin hukumomi biyar na duniya. Ran 3 ga Fabrairu, 2011, babban rumbun duniya ya ƙare ƙaf. A watan Janairu na 2020 AFRINIC ta shiga matakin ƙarshe na tsimi, tana bayarwa da cokali. Yau layukan da ke kan intanet a Nijeriya sun wuce miliyan 100 nesa ba kusa ba. Ina za a samo wa kowa adireshi?

Har Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, shi ma a bayan babban zaure yake ajiye mai tsarin gida. Adireshin waje sai mai tsarin 'yan kasuwa, mai tsada. Masu gidajen gem da ke da PlayStation ma sun san wannan ciwo ko da ba su san sunansa ba. Shi ne abin da ke sa na'urar ta nuna NAT iri na 3, a yi ta neman abokin karawa a wasan ƙwallo a kasa haɗuwa.

TO, INA MAFITA?

Magani na dindindin an daɗe da samo shi, watau sabon tsari IPv6, wanda yawan adireshinsa lamba ce mai alƙaluma 39, har aka yi bikin ƙaddamar da shi a duniya ran 6 ga Yuni, 2012. Da shi kowace na'ura za ta sami adireshinta. Amma sai mai masauki da baƙonsa duka suna da shi, a Nijeriya kuwa har yanzu bai yaɗu ba. Wanda ke da hali yana iya tambayar kamfaninsa ko yana sayar da adireshin waje, ko da yake yawanci ma'aikatu da bankuna ake yi wa wannan.

Abin da ya fi dacewa da aljihun ɗalibi shi ne dabarar zagaye. Tun da mai gadi ba ya hana ɗan gida fita, sai mai masauki ya fita da kansa ya shigo da baƙinsa. Akwai manhajoji irin su ZeroTier da Tailscale da Hamachi, waɗanda kowane aboki zai sa a na'urarsa, sai su zama kamar suna ɗaki ɗaya ko da wani yana Kwadon wani yana Kashere. Akwai kuma irin su Playit, inda mai masauki kaɗai zai sa, a ba shi adireshin aro a wata kwamfuta ta waje, baƙi su bi ta can. Galibinsu suna da kason kyauta wanda ya ishi abokai kaɗan.

Sai dai zagaye yana da farashinsa, watau jinkiri. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa ɗaya, abin kamar ƙiftawar ido, amma tafiyar ce da nisa. Idan kwamfutar aron tana Turai, saƙon ɗan Bolari zai gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku irin ta MainOne mai tsawon kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ya juyo ta Legas ɗin, kafin ya iso Kwadon da ke 'yan mintoci kaɗan a babur. Amsa ma ta bi sawu. Ga mai gina gidaje a Minecraft wannan ba komai ba ne. Ga mai wasan harbi kuwa, kafin ya ga abokin gaba an riga an kashe shi. Ran 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku da dama suka yanke a daura da gaɓar Kwaddebuwa, masu dogaro da irin wannan zagaye sun ji a jikinsu.

Akwai kuma hayar kwamfuta a wurin kamfanonin da ke wannan sana'a, wadda ba ta mutuwa don an ɗauke wuta a Kwadon. Abokai biyar ko shida suna iya yin karo-karo. Na waje da dala ake biyansu, tun kuma da aka saki Naira a Yunin 2023 lissafin ya yi nauyi, saboda haka wanda ya sami mai karɓar Naira a Legas ko Abuja ya ci riba biyu, ga sauƙin biya ga kusanci. Kada kuma a manta da data. Mai masauki aika wa kowane baƙo yake yi ba tsayawa, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wanda ya bar wasa a kunne ya yi barci zai tashi ya ga aiki.

ƁARAWO MA YANA NEMAN ƘOFA

Wanda Allah ya ba sa'a ƙofarsa ta buɗe, sai ya san ba abokansa kaɗai ke yawo a titi ba. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofin duniya suna neman wadda ke buɗe. Kuskure mafi muni shi ne wanda gajiya ke sawa, a danna abin nan da ake kira DMZ, wanda ke miƙa dukan ƙofofi gaba ɗaya ga kwamfuta guda. Wannan daidai yake da mutum ya rushe zaure don baƙonsa ɗaya ya kasa gane hanya. Kwamfutar nan kuwa sau da yawa ita ce mai ɗauke da aikin makaranta, da hotunan iyali, da shiga asusun banki.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kurum. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori a duniya, ba da wata gwaninta ba, sai don masu su ba su canza kalmar sirrin da aka sayo su da ita ba. Samari uku na Amurka da suka ƙirƙiro ta, cikinsu har da Paras Jha, ɗalibin Jami'ar Rutgers, sun amsa laifinsu a Disamban 2017, kuma bincike ya nuna rigimar masaukan Minecraft na cikin abin da ya kai su. Abin bai tsaya can ba. Wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da irinta ya afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya a ƙarshen 2016, har intanet ta rikice wa jama'ar ƙasar, kotun Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a Janairun 2019. A Disamban 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a manhajar Log4j, inda ɗan rubutu kaɗan a wurin hirar Minecraft ya isa a ƙwace kwamfutar mai masauki, sai da kamfanin Mojang ya yi gaggawar fito da gyara.

Saboda haka mai masauki ya buɗe ƙofa ɗaya tak wadda wasan ke bukata, ya canza kalmar sirrin rauta daga "admin" ɗin da kowa ya sani, ya riƙa sabunta wasan, ya kuma kunna jerin sunayen waɗanda aka yarda su shiga. Masu amfani da wasan sata sukan kashe tantance suna domin abokansu su samu shiga, su manta cewa daga nan kowa yana iya zuwa da sunan kowa, har da sunan mai gidan.

Akwai dai wata hanya wadda ba ta bukatar adireshin waje, ko data, ko yardar wani kamfani. Rautar nan da aka saya a banza tana iya haɗa na'urorin da ke kusa da ita ko babu katin waya a cikinta, muddin wasan irin wanda ke yarda da haɗin cikin gida ne, kamar Minecraft da tsohon Counter-Strike. Abokai su hau babur su zo Kwadon ran Asabar da yamma, a shimfiɗa tabarma a zaure, a haɗa kuɗin man janareto, kowa ya rubuta lambar nan mai farawa da 192.168.